Wa Zai Tsaya Wa Onisimus?

Kowace shekara idan Kirsimeti ta gabato, ikilisiyoyi da yawa a ƙasar Nijar sukan tara sabulu da shinkafa da tsofaffin tufafi, a nemi izini wurin hukuma, a shiga gidan kaso. Zumuntar mata ta yi waƙa, mai wa'azi ya buɗe Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya lissafta ziyarar ɗaurarru cikin ayyukan da zai duba ranar shari'a. Waɗansu 'yan kaso su ɗaga hannu su karɓi Almasihu. Ran Lahadi a ba da rahoto a majami'a, jama'a su yi tafi. Aiki ne mai kyau. Amma akwai tambayar da rahoton ba ya amsawa. Mutumin nan da ya ɗaga hannu, ranar da aka sallame shi, gidan wa ya sauka?

Abin da yakan tarar a waje sananne ne. Matarsa ta koma gidansu. An sayar da gonar, ko an jinginar da ita, don biyan kuɗin shari'a. Mai gida ya ba wani hayar ɗakin. Idan ya nemi aikin gwamnati ko jarrabawar shiga aiki, za a ce ya kawo takardar kotu da ake kira kaziye, wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma hukuncin da aka yanke masa yana iya fitowa a jikinta. Idan ya juya kasuwa, can ma da tata takardar, ko da yake ba a rubuta ta. Mai babur ba ya miƙa wa baƙo makulli ya yi kabu-kabu. Mai shago ba ya ba da kaya bashi, kafinta ba ya ɗaukar yaro, sai sun ji wanda ya tsaya masa. Wanda ba shi da mai lamuni ba shi da sana'a. Masu karɓarsa hannu biyu su ne abokansa na dā a bakin tasha, masu tiramol da caca. Bayan wata shida a ji an sāke kama shi, dattawa su kaɗa kai su ce, ai hali zanen dutse ne.

A tuna kuma, da yawa cikin waɗanda suke kaso ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Jiran shari'a suke yi, wani watanni, wani shekaru. Akwai wanda alƙali zai sallama ba laifi. Duk da haka sunan ɗan kaso ya manne masa har kabari.

To, me ikilisiya take yi? Ran da ya shigo sujada, na kusa da shi su gyara zama, mata su rungume jaka. A ce ya dakata da cin Jibin Ubangiji sai an ga halinsa, ba a faɗa masa ranar da dakatawar za ta ƙare ba. Ya nemi aure, iyayen yarinya su ce ba su ba ɗan kaso. Bakin da ya gaya masa a cikin kaso cewa jinin Yesu ya wanke shi sarai, shi ne bakin da yake raɗa a bayansa. Sunan wannan abu munafunci.

Littafi Mai Tsarki bai bar masu bi cikin duhu a kan wannan magana ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon aya 25 ce kaɗai, Bulus kuwa yana ɗaure sa'ad da ya rubuta ta. Onisimus bawa ne da ya bar ubangidansa, ya tuba a hannun Bulus. Manzo bai sallame shi da addu'a kawai ba. Ya kira shi ɗansa, ya roƙi Filimon ya karɓe shi kamar Bulus ne da kansa ya zo, ya kuma ɗauki alkawari da rubutun hannunsa cewa duk hasarar da Onisimus ya jawo, shi zai biya. Wannan shi ne lamuni. Bulus ya san darajarsa, gama an taɓa yi masa. A Ayyukan Manzanni sura 9, da ya zo Urushalima bayan tubansa, almajirai duka suka ji tsoronsa, don sun san shi da jan masu bi zuwa kurkuku. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya ba da shaida a kansa.

Wani zai ce, idan ya sāke sata fa? Tambaya ce ta gaskiya. Ba wanda ya ce a damƙa masa akwatin baiko a makon farko, ko a bar wanda ya taɓa cutar yara shi kaɗai da 'yan makarantar Lahadi. Hikima ta hana haka. Wanda aka cuta ma yana da hakki, Zakka kuwa da ya tuba ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu. Amma da wane kuɗi mutum zai mayar da abin da ya ci idan an hana shi aiki? Afisawa 4:28 ta umarci ɓarawo ya bar sata ya kama aikin hannu. Wanda ya karanta masa ayar nan sa'an nan ya hana shi gurbi a shagonsa, rabin ayar ya karanta. A 2 Korantiyawa sura 2 kuma Bulus ya gaya wa ikilisiya cewa horon da aka yi wa mai laifi ya isa, a yafe masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horo yana da iyaka.

Har hukumomin duniya sun gane wannan. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin kula da ɗaurarru da aka sa wa sunan Nelson Mandela, a cikinsu kuwa an nuna cewa nauyin da ke kan jama'a ba ya ƙarewa ranar sallama. A Amurka, Charles Colson, mai ba Shugaba Nixon shawara, ya yi wata bakwai a kurkuku, ya fito ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a 1976. Da masu bi na wurinsa sun gyara zama sun guje shi, da aikin nan bai tashi ba.

Saboda haka duk ikilisiyar da take kai bishara gidan kaso, sai ta rubuta sunayen waɗanda suka tuba da ranar fitarsu. A zaɓi dattijo guda ya tarye shi a bakin ƙofa. A tanadi ɗaki da abinci na wata uku. Tela ko makaniki ko mai lambu na cikin jama'a ya ɗauke shi, majalisar dattawa ta sa hannu cewa idan an yi hasara ikilisiya za ta biya daga baiko. Idan akwai horo, a faɗi ranar ƙarewarsa a gaban jama'a. A tafi tare da shi wurin wanda ya cuta, a shirya biya kaɗan kaɗan.

Waɗansu za su ci amana, ikilisiya ta yi hasarar jikka ashirin ko talatin. Bulus ma bai san abin da Filimon zai lissafta masa ba sa'ad da ya sa hannu. Ikilisiyar da ba ta iya ɗaukar wannan hasara ba, gara ta daina alkawarta wa ɗaurarru iyalin da ba za su samu ba. Ubangiji ya tā da Barnaba a kowace majami'a. Amin.