Kwamfutar gem tana mutuwa tana tashi da kanta? Kada ku yi saurin goge Windows

 Yau za mu taɓo wata matsala da ke cinye kuɗin masu gem, na gida da na shagunan unguwa. Kwamfuta tana aiki lafiya lau idan ana rubutu ko kallon fim, amma da an buɗe gem mai nauyi irin GTA V ko Call of Duty, bayan minti goma ko ashirin sai allo ya yi baƙi, ta sake tashi kamar wani ya danna mata maɓalli.

Abin da aka saba yi shi ne a ce bairos ne, a kai wa mai gyara ya goge Windows ya sa sabuwa. A biya kuɗi, a rasa hotuna da takardun makaranta, a dawo gida, da daddare ta sake mutuwa. A gida kuwa hukunci ya riga ya fita: gem ne ya lalata ta. Mu dai a ganinmu gem tona asiri kawai ya yi. Abu biyu ne ke sauyawa idan an buɗe shi: wutar da kwamfuta ke ja, da zafin da take fitarwa. Wadda ke zaune tana jan abin da bai kai wat 100 ba, tana iya haura wat 300 a tsakiyar wasa. Yawanci mutuwar nan kare kanta take yi don kada wani abu ya ƙone.

Da farko ku sa ta faɗi abin da ke damunta. Idan Windows ta ci karo da babban kuskure takan nuna allon nan mai rubutu da aka fi sani da shuɗin allo, amma takan sake tashi tun kafin mutum ya karanta. Ku shiga System Properties, ku zaɓi Advanced, ku buɗe Startup and Recovery, ku cire alamar da ke jikin Automatically restart. Daga nan idan ta tsaya a kan rubutun kuskure, ku ɗauki hotonsa da waya, don wannan ya fi karkata ga ram ko direban katin hoto. Idan kuwa ɗif ta yi babu ko harafi ɗaya, to ku sa ido a kan zafi da wuta. Wasu kan leƙa Event Viewer su ga Kernel-Power mai lamba 41, hankalinsu ya tashi. Wannan saƙon yana cewa ne kawai kwamfuta ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko wutar gari aka ɗauke, shi za ta rubuta.

Zafi ya fi sauƙin kamawa. Akwai manhajoji na kyauta irin HWiNFO da HWMonitor da ke nuna zafin furosesa da na katin hoto. Ku bar ɗaya a buɗe ku yi wasa na minti goma, ku dawo ku duba lamba mafi girma da ta rubuta. Yawancin furosesan Intel iyakarsu digiri 100 ne, da yawa daga na Ryzen kuma 90 zuwa 95. Kafin furosesa ta kashe kanta sai ta rage gudu tukuna, don haka idan gem ya fara sarƙewa, fanka tana kuka kamar injin niƙa, sannan ta mutu, to zafi ne. Wanda ya san Afrilun Kano ko Sakkwato, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ya san iskar da fanka ke zuƙowa ma mai zafi ce, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙofofin iska. Gwaji mai arha shi ne ku cire murfin gefe ku saita mata fankar ɗaki. Idan ta daina mutuwa, kun kama ɓarawo. Ku zare ta daga wuta, ku fitar da ita tsakar gida ku hure ƙurar, kuna riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Idan man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe, a goge a sa sabo, kamar girman ƙwayar wake.

Idan zafi bai wuce iyaka ba, sai mu koma kan wanda muka fi zargi, wato akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. Shi ne abin da kowa ke yi wa rowa. Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi katin hoto, ya cusa shi a tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo mai akwatin wat 240 ko makamancin haka. Alhali katin RTX 3060 shi kaɗai yana cin wat 170, kuma kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwatin wat 550. Ban da haka, katin hoto ba ya jan wuta daidai wa daida. Yakan yi fizga a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, akwati ya ɗauka gobara ce za ta tashi, ya yanke wuta. An ga haka sosai a 2020 da katin RTX 3080 ya fito, har masu akwatuna masu tsada sun koka. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta buƙaci manyan akwatuna su iya jure ninkin ƙarfinsu na ɗan wannan taƙin.

Kada kuma babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Ku duba takardar da ke manne a jikin akwatin, ku nemi layin 12V, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Ku ninka 12 da lambar da ke ƙarƙashinta. Idan an rubuta 20A, wat 240 ke nan, ko da an buga 500 da manyan baƙaƙe a sama. Lissafin aji ɗaya ne, amma ya fi rantsuwar mai shago.

Don tabbatarwa, ku yi amfani da MSI Afterburner ku rage wutar katin zuwa kashi 70 cikin ɗari. Idan mutuwar ta tsaya alhali dama zafi lafiya yake, akwatin ne ya gaza. Wanda ya fi wannan shi ne a aro akwati mai kyau wurin aboki a gwada kafin a sayi komai. Ku kuma tabbatar wayar da ke shiga katin ta zauna har ta yi ƙas. Amma muna roƙonku, kada wanda ya kwance akwatin wuta don ya ga cikinsa. Yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi daga soket.

Wani lokacin laifin daga bango yake. Wutarmu 230 ya kamata ta zama, amma takan yi rauni da yamma, ƙaramin janareta kuma yakan durƙusa da zarar firji ya tashi ko an jona dutsen guga. Masu UPS su lura: wanda aka rubuta wa 650VA yawanci ba ya wuce wat 400, don haka yana iya zama shi ke yanke wutar. Ku jona kwamfutar kai tsaye a bango lokacin da wuta ke da ƙarfi, ku ga ko za ta sake.

Ram ba sai mun daɗe a kansa ba. Ku shiga BIOS ku kashe XMP, ku gwada da MemTest86, ko ku cire ram ɗin ku riƙa sa ɗaya bayan ɗaya. Direban katin hoto kuma a cire shi a sauke sabo daga shafin kamfanin. Ku riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji kuna rubutawa a bayan littafi, don idan kuka sauya uku lokaci guda ba za ku san wanne ya yi magani ba. Idan abin ya kai ga mai gyara, ku tafi da wannan takardar da hoton kuskuren, kuma ku kwashe takardunku a filash kafin ku miƙa masa kwamfutar.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.