Targaɗe Ko Tsagewa? Gani Ya Kori Ji

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, da wuya mako ya wuce ba a ji wani ya gurɗe a idon sawu ba, ko manomi a kunya, ko ɗan makaranta a filin ƙwallo, ko mai haƙar zinariya a ramukan Bagega. Da abin ya faru sai a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori. To, amma fa hannu, kome gwanintarsa, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata.

Idon sawu yana da jijiyoyi masu ɗaure ƙashi da ƙashi, uku daga cikinsu a gefen waje. Idan ƙafa ta lanƙwashe ciki, ta gaba ce ta fi yawan yagewa. Kumburi da zafin wannan rauni sukan yi kama da na tsagewar ƙashi, alhali maganinsu dabam ne.

Hoton ƙashi, wanda Bajamushen nan Röntgen ya gano a 1895, yana nuna karaya da tsagewa da gocewa, amma ba ya nuna jijiya. Don haka kada wanda hotonsa ya fito lafiya ya ɗauka ya warke. Jijiya sai na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, in an haɗa mata kan da ya dace, ko kuwa babbar na'urar maganaɗisu ta manyan asibitoci.

Ba kowane gurɗe ne kuma yake bukatar hoto ba. A 1992 likitocin birnin Ottawa ta Kanada suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi, watau a ɗauki hoto idan mutum ya kasa taku huɗu, ko kuwa ya ji zafi da an danna bayan ƙashin idon sawun. Wannan ƙa'ida tana rage wa talaka kashe kuɗi a banza.

Ba muna raina masu ɗori ba ne, domin sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun amince da su. Sai dai ɗauri mai tsanani bisa kumburi yakan tsare jini har ƙafa ta ruɓe, a kai ga yankewa. Jijiyar da ba ta haɗu sosai ba kuwa takan bar mutum da gurɗewa a kai a kai.

Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da ta tabbatar manyan asibitocin garuruwan nan uku suna da na'urorin hoto masu aiki, da wutar lantarki, da ƙwararren ma'aikaci, don kada sai an ɗauki majinyaci zuwa Gusau ko Sakkwato. Kana sarakuna su tara masu ɗori da likitoci, a yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kasa taka ƙafarsa, a fara tura shi hoto kafin a sa masa kara. Ɗalibai da ma'aikata kuma, ku ne idon iyayenku a ƙauye, sai ku kai musu wannan bayani.