Kada Mu Raina Darasin Zane



A wani taron ƙungiyar gama kai da aka yi bayan girbi, wani uba ya kawo kuka. Ya ce ya biya kuɗin makaranta ne domin ɗansa ya koyi lissafi da Turanci, sai ga yaro ya komo gida hannu duk gawayi, wai malam ya sa su zana itatuwa. Mutane da dama suka goyi bayansa. Mun san zafin kuɗin da ya kashe, amma ba mu yarda da maganarsa ba. Ga dalilinmu.

Kowa ya san damina ta sake hali. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da shanu suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye a shekarun nan har da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin goma. Daga baya kuma ruwa ya yi yawa. An yi ambaliya a 2012 da 2022, a watan Satumba na 2024 kuwa madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. Masana sun ce hayaƙin fetur da kwal da gas yana taruwa a sama kamar bargo, yana riƙe zafin rana. Tun da aka fara aunawa, shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi.

Yaron da ke aji huɗu yau, shi zai riƙe gandu a 2050. Yaya za mu shirya shi? Dogon jawabi ta wannan kunne yake shiga, ya fita ta wancan. Gani ya kori ji.

Ku tuna da abin da ya faru a ƙasar Maraɗi a 1983. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya daɗe yana raba dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa. Sai idonsa ya faɗa a kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawar banza ce. Da ya dubi ganyen da kyau, ya gane ashe kututturen itace ne mai rai, saiwarsa na nan a ƙasa. Daga nan aka soma abin da manoman Nijar ke kira sassabin zamani, wato a bar 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a tsare su har su girma. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka komo gonakin Nijar. Kututturan nan dā ma suna wurin. Idon da zai gan su ne aka rasa.

Wannan ido shi ne darasin zane yake ba yaro. Ba wanda zai zana ganyen gawo sai ya zauna ya dube shi. Wanda ya dube shi sau biyu, da rani da damina, zai lura cewa gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Irin wannan yaro, in ya girma, zai yi tunani kafin ya ɗaga gatari.

Ga ayyuka huɗu da kowane malami zai iya yi, a firamare ko a makarantar Lahadi.

Na ɗaya, hoto biyu. A aiki yara wurin kakanninsu su tambayi yadda garin yake a dā: ina rafi ya tsaya, ina kurmi, waɗanne itatuwa ne a bakin kasuwa. Su zana wannan a gefe ɗaya, su zana garin yau a ɗaya gefen.

Na biyu, littafin ganye. A shafa launi a bayan ganyen kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kalgo da marke, a danna a takarda. A rubuta sunan kowanne da Hausa da harshen gida, da amfaninsa.

Na uku, kalandar ruwa. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a auna ruwan da rula kowace safiya. Ranar ruwa a shafa mata shuɗi, ranar da babu a shafa mata ja. Bayan damina uku, bangon ajin zai taimaki ƙungiya wajen shawarar lokacin shuka da zaɓen iri mai saurin nuna.

Na huɗu, gonar yumɓu. A gina 'yan gonaki biyu a kan gangare, ɗaya tsirara, ɗaya da jerin tsakuwa da ciyawa. A zuba musu ruwa daidai wa daida, yara su zana abin da ya faru. Ba sai an ƙara yi musu bayanin zaizayar ƙasa ba.

Kada wani ya ce babu kayan aiki. Akwai gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da lalle, da karan dafi. Jiƙaƙƙen ƙaro yana sa launi ya kama. Tsinken da aka tauna bakinsa kamar asawaki ya isa buroshi, kwali kuma ya isa takarda.

Muna da gargaɗi biyu ga malamai. Kada a sa yaranmu kwafar hoton farar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, wadda ba su taɓa gani ba. Su zana abin da ƙafarsu ke takawa. Kada kuma a tsorata su ko a ɗora musu laifi, gama rabon Afirka duka a hayaƙin nan wajen kashi 4 ne cikin 100. Kowane zane ya ƙare da aiki: yaro ko yarinya, kowa ya zaɓi kututture ɗaya a gonar gidansu, ya zana shi yau, ya lura da shi, ya sake zana shi baɗi.

A Farawa sura 2 mun ga aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, noma da tsaro. Mun koya wa 'ya'yanmu noma. Tsaron fa?

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku kafin ruwa ya sauka. Ta ware kuɗin mudu kaɗan na hatsi ta sayi rula da fensir. Ta aiki dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga zumuntar mata su zauna da yara su ba su labarin dā. Ranar godiyar kaka kuma a liƙa zanen yaran a bangon majami'a, kusa da dammunan baiko, a gayyaci maƙwabta Musulmi su zo su gani, tun da sama ɗaya ce ke ba mu ruwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ɗanka ya komo da gawayi a hannu, kafin ka yi faɗa, ka ce ya nuna maka abin da ya zana.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.