Waiwaye: Daga Wusasa zuwa kushewar kakana

Duk wanda ya tashi a Tudun Kaya ya san kabari ba ya daɗewa da sunan mai shi. A haƙa, a jera itace, a rufe, a kafa fasasshen tulu wajen kai. Damina biyar ko shida tudun ya kwanta, sai dattijon da ya je jana'izar ne kaɗai zai iya nunawa.

Shi ya sa ranar da na shiga makabartar Kiristocin Wusasa na daɗe a tsaye. Sunaye ne irin namu a kan duwatsu, kowa da shekarar rasuwarsa. Cocinsu na St. Bartholomew ma ginin ƙasa ne, aikin magina Hausawa, tun da mishan ta bar birnin Zariya ta koma can a 1929.

Wasu gidajen Wusasa asalinsu Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse har Ningi. A 1913 wasunsu suka nemi Dokta Miller na mishan, aka tara su a Gimi ta ƙasar Makarfi. Ciwon barci ya shiga garin ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Daga wannan tsatson Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mutanen da suka sha watsewa haka, ba mamaki su riƙe sunayen matattunsu da hannu biyu.

Ba gini a kan kabari nake kira a yi ba. Malamanmu sun hana, kuma na gamsu. Sai dai hana gini bai ce a bar makabarta ba shinge, gona na cinta ta gefe, shanu na ratsawa ta tsakiya ba.

Bara na roƙi baffana ya nuna mini kushewar kakana. Ya dogara sanda ya yi ta dubawa, can ya ce, "Ɗana, nan ne, ko kuwa gaba kaɗan." Idona ya cika da hawaye.

Washegari na komo da littafi da biro. Yana faɗin sunaye ina rubutawa, ɗana yana ƙirga taku daga gindin tsamiya. Goma sha ɗaya muka samu kafin la'asar, uku kuwa ya ce sun ɓace masa.