Gauta ma abinci ne, a ba shi kwanonsa



A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda yaranmu da yawa suka sauka bayan sun bi ta Libiya, akwai wani abinci da ake kira kaponata. Gauta ne irin nasu, baƙi mai girma. A yanka shi a soya, a haɗa da albasa, tumatir, seleri da 'ya'yan zaitun, a zuba khal da ɗan sukari. Ba a ci da zafi, sai ya huce, ya ma fi daɗi in ya kwana. Masana tarihi na cewa Larabawa ne suka kai musu gautan, zamanin da Musulmi suka mulki tsibirin bayan shigarsu a 827.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne lokacin cinsa. Shi ake fara ci, kafin a kawo taliya. Mu a zango, tuwon zafi ko shinkafa ne ke cika kwano, gauta kuwa sai a dagargaza biyu cikin manja a ce miya. Ga hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da na marmari kullum, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya fara da kwanon gauta, ba zai iya yi wa tuwo irin cin da ya saba ba.

Ba mu ce a kwaikwayi Italiyawa ido rufe ba. Gauta na shan mai kamar soso, zaitun kuma cikin ruwan gishiri ake ajiye shi. Mai ciwon suga ya bar sukarin nan. Farin gautanmu na kasuwa ya isa: a gasa ko a turara, mai cokali biyu, lemun tsami ko tsamiya a madadin khal. Tsamin nan ne ke sa a daina neman dunƙulen magi.

Iyayenmu mata masu girkin suna da biki, daga wajenku muke roƙon a fara. A ajiye wa dattawa kwanon gauta tukuna, shinkafar ta biyo baya.