RA'AYI: Addu'ar ranar Lahadi da fayil ɗin ranar Litinin

Duk shekara idan ranar 1 ga Oktoba ta gabato, Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da ke tsakiyar Abuja takan cika da manyan gwamnati. A liƙa sunaye a kujerun gaba, wani babba ya karanta nassi, mawaƙa su rera waƙoƙin yabo, sannan limaman ɗariku daban-daban su tashi ɗaya bayan ɗaya su yi wa shugaban ƙasa da 'yan majalisa da alƙalai da sojoji addu'a. Haka ake yi a watan Janairu, gabanin ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Tun da aka kammala ginin a 2005, zamanin Olusegun Obasanjo, wannan sujada ta zama wani ɓangare na jadawalin bukukuwan gwamnati, kamar yadda sallar Juma'a ta musamman take a Masallacin Ƙasa da ke kusa da wurin.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne. Hujjarsu ita ce ƙasar da ta fi kowa cika majami'u da masallatai ba ta fi kowa wutar lantarki ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kuskure wurin da matsalar take. Ga Kirista, yi wa mai mulki addu'a umarni ne. Wasiƙar Manzo Bulus ta farko zuwa ga Timoti ta nemi a yi roƙo domin sarakuna da duk masu riƙe da iko, don jama'a su samu zama lafiya, alhali sarakunan Rum na wancan zamani ba Kiristoci ba ne, wasunsu ma sun tsananta wa masu bi. Annabi Irmiya kuwa ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila cewa su nemi alherin birnin da ya bautar da su, su kuma yi masa addu'a. Ke nan addu'ar ba lada ba ce da ake bai wa shugaban da ya kyauta, ba kuma ƙuri'a ba ce. Wanda ya ɗaga murya yana addu'a zamanin Goodluck Jonathan, ya yi gum a 2015, ko wanda ya rufe bakinsa a 2023 saboda takarar Musulmi da Musulmi, siyasar jam'iyya ya yi da sunan ibada.

Sai dai addu'ar da cocin Najeriya ya gada ba ta taɓa zama fadanci ba. A 1995, lokacin da Janar Sani Abacha ke kan mulki, Moshood Abiola yana tsare, bishop-bishop na Katolika suka tsara addu'a ta musamman domin Najeriya mai cikin ƙunci, aka riƙa karanta ta a majami'u a faɗin ƙasa. Addu'ar ta fara da amsa laifi kafin roƙo, kuma duk wanda ya ji ta a wancan lokaci ya san da wa ake. A 1998 suka ƙara wata a kan cin hanci da rashawa. Tsakanin waɗannan biyu, a 1996, Janar Yakubu Gowon ya kafa tafiyarsa ta yi wa Najeriya addu'a. A ranar 1 ga Maris 2020 kuma, 'yan makonni bayan kisan Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya reshen Michika, bishop-bishop suka sa baƙaƙen kaya suka yi tattaki a titunan Abuja suna addu'a. Babu wanda ya ɗauki wannan tattaki a matsayin jinjina wa gwamnati.

Abin da ke damun mai lura shi ne yadda sujadar hukuma ke rasa wannan kaifi. Gwamnati ce mai taro, ita ce babbar baƙuwa, ita ce kuma ake yi wa addu'a. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Mai wa'azin da aka gayyato, aka karrama, yakan ga ya fi sauƙi ya roƙi talakawa su ƙara haƙuri a kan ya dubi kujerun gaba. Ba duka ba ne, domin an sha samun waɗanda suka faɗi gaskiya mai ɗaci a wannan mumbari. Amma tsarin kansa yana jan harshe zuwa ga laushi.

Ma'aikacin tarayya da hadimin minista suna da mutum guda a Littafi Mai Tsarki da ya dace su riƙa tunawa da shi, wato Nehemiya. Shi ba annabi ba ne, ba firist ba ne. Mai shayar da sarkin Farisa ne a fadar Shushan, abin da a yau za a kira hadimi na kusa. Da labarin rushewar garun Urushalima ya iske shi, ya yi kuka da azumi da addu'a, ya kuma sa kansa da gidan mahaifinsa cikin masu laifi. Bayan haka ya shiga gaban sarki da buƙatu a lissafe: izinin tafiya, wasiƙu zuwa ga gwamnonin hanya, da takardar karɓar katako daga mai kula da dajin sarki. Ya isa, ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya yi wa kowa magana. Da maƙiya suka yi barazana, ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Aikin ya kammala cikin kwana 52. Abin da ba a cika ambata a wa'azi ba shi ne, shekara 12 ya yi yana gwamna bai karɓi kuɗin abincin da doka ta ba gwamna ba, saboda ya ga nauyin da ke kan jama'a, ya kuma tilasta wa manya su mayar wa talakawa gonakin da suka riƙe a kan bashi.

Mutanen da ke zaune a majami'a ranar Lahadi suna cewa amin, da yawansu su ne ke zaune a Sakatariyar Tarayya ranar Litinin. Daraktan da ya roƙi Allah ya share hawayen gwauraye, shi ne fayil ɗin fanshon wani mamaci ya yi wata shida a teburinsa. Akantan da ya yi roƙo domin sojojin da ke daji, ta hannunsa alawus ɗinsu zai bi. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, kuma waɗanda aka kashe a cocin Katolika na Owo ranar 5 ga Yuni 2022 suna cikin addu'a ne lokacin da 'yan bindiga suka shigo. Addu'a ba ta yi musu ƙaranci ba.

Hadimai kuwa nasu nauyin ya bambanta. Ana yawan roƙa wa shugabanni hikima, amma hikima takan shigo ofis ne ta bakin mutum. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ƙaramin ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Suleja ya san abin da kuɗin mota ke ci daga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai gidan da ke tafiya cikin jerin gwanon motoci ba zai sani ba sai an gaya masa. Annabi Natan ɗan fada ne, yana shiga wurin Sarki Dauda ba shamaki, da wannan kusanci ne ya tsaya ya nuna masa laifinsa a kan matar Uriya. Hadimin da ya durƙusa ya roƙa wa ubangidansa basira, sannan ya cire shafin da ke ɗauke da mummunan labari daga rahoton da zai miƙa masa, ya toshe hanyar da amsar addu'arsa za ta bi.

Masu shirya sujadar Oktoba mai zuwa na iya farawa da ƙaramin abu. A bar wa shugabannin coci zaɓen mai wa'azi ba tare da an duba wanda zai yi wa manya daɗi ba, a ware lokacin amsa laifi kafin jerin roƙe-roƙe kamar yadda addu'ar 1995 ta yi, a kuma ajiye wasu daga kujerun gaba domin matan sojojin da suka rasu da 'yan fanshon da har yanzu suke jiran haƙƙinsu.