RA'AYINMU: MAKI A AJI, MAKI A AKUSHI

Babu wanda ya san darajar maki kamar ɗalibi. Saboda maki ake kwana a ɗakin karatu, saboda shi ake bin malami har bakin mota. To, ga shi yau maki ya fito daga aji ya sauka a akushi. Wasu daga cikinmu, musamman yayyenmu da suka kama aikin ofis teɓa ta fara leƙo musu, sun rungumi wata dabara ta rage ƙiba inda kowace loma take da lissafinta. Ya kamata mu san asalin abin kafin mu miƙa masa wuya.

A shekarar 1961 wata matar aure a birnin New York na Amurka, mai suna Jean Nidetch, wadda nauyinta ya kusa kilo 100, ta gaji da fama ita kaɗai, ta tara ƙawayenta a ɗakinta suna tattauna wahalar da suke sha wajen kame baki. Taron nan ne ya zama kamfanin Weight Watchers a 1963. Tsarin maki kuwa bai zo wa Amurkawa ba sai a 1997. Ga yadda yake: ana ba kowane abinci lamba gwargwadon abin da ya ƙunsa, sa'an nan a yanka wa mutum kasafi na yini bisa la'akari da irin jikinsa. Yana ci yana rubutawa, yana rubutawa yana ragewa, kamar ma'aikacin da ke lallaɓa albashi ya kai shi ƙarshen wata.

Lissafin farko mai sauƙi ne. A raba yawan kalori da 50, a ƙara giram na maiƙo da aka raba da 12, a cire wani abu kaɗan saboda harza, watau irin zaren nan da ke cikin dusar hatsi da ganye da wake. Da wannan awo, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya haura maki 3, gwangwanin lemo ɗaya kuma ya doshi maki 3. Dalili kuwa shi ne giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali na sitaci ko na furotin 4 ne kacal. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yawan man da mai ƙosai ke zubawa a kasko, ya fahimci darasin ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shin dabarar tana aiki? Gaskiya ɗaya ce, tana yi, amma ba kamar yadda 'yan talla suke kururutawa ba. A 2011 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostireliya. Bayan shekara guda, waɗanda suka bi shirin kamfanin sun rage kimanin kilo 5, waɗanda suka tsaya ga shawarar asibiti ta yau da kullum kuwa kilo 2 da ɗoriya. Kilo 5 ba abin rainawa ba ne ga mai fargabar ciwon sukari ko hawan jini. Amma a lura, kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma sanannen abu ne ga likitoci cewa yawancin masu rage ƙiba ta hanyar kame baki, wani kaso na nauyin yakan komo musu a 'yan shekaru.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: albarkar ba a cikin lambar take ba. Da lambar ce gaskiyar ƙarshe, da ba a yi ta sauya ta ba. A 2010 kamfanin ya sake lissafi ya mai da yawancin 'ya'yan itatuwa ba su da maki ko ɗaya. A 2015 ya sake wani, ya tsananta wa sukari. A 2017 ƙwai da kifi da wake da ƙirjin kaza suka shiga sahun marasa maki. Ayaba ba ta canza ba, ƙwai bai canza ba. 'Yan kasuwa ne suka sake shawara. A 2023 kamfanin ya sayi wani kamfanin likitoci na intanet domin ya shiga harkar sababbin allurai masu rage sha'awar abinci, a watan Mayu na 2025 kuma ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashin da ya haura dala biliyan 1. Wanda ya ɗora lafiyarsa kacokan a kan lambar wani kamfani, ya hau dokin aro ne.

Albarkar tana cikin abubuwa biyu waɗanda ba a sayar da su. Na farko, rubuta gaskiya. Mutum yakan manta da tsiren da ya tsaya ya ci a hanya da shayi mai cokali huɗu na sukari, amma takarda ba ta mantuwa. Na biyu, zumunci. Abin da Jean Nidetch ta fara da shi ke nan tun shekara 36 kafin maki: mutane su zauna su faɗa wa juna gaskiya, su ƙarfafa wa juna gwiwa. Littafin rubutu ɗaya da abokai uku na kirki sun isa.

Sai dai muna da gargaɗi. Manhajojin wayar da ake lissafin nan da su, an gina su ne a kan abincin kanti mai takarda a jiki. Malmalar tuwo ba ta da takarda, miyar taushe kuma kowace uwar gida da nauyin hannunta a mai. Wanda ya guje wa dambu da ɗanwake don bai same su a jerin ba, ya koma wa biskit don an buga masa lamba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Haka nan lissafi yakan zama ciwo. Idan ɗaliba ta fara jin ta yi zunubi saboda loma guda, ko ɗalibi ya wuni da yunwa domin ya tara makin da zai kashe da dare, to abin ya tashi daga neman lafiya, ya kamata a ga likita. Mai juna biyu da mai shan maganin sukari kada su soma sai da izinin asibiti.

Kada kuma mu manta a inda muke. A ɗakunan kwananmu akwai waɗanda tsarin cin abincinsu shi ne ɗaya-babu-ɗaya, ba don ado ba sai don aljihu. Irin waɗannan ba rage ci suke bukata ba, kuma abin kunya ne a sa su raina jikinsu saboda hotunan waya. Mai shakkar matsayinsa ya nemi zaren awo na tela: in ƙugunsa bai kai rabin tsawonsa ba, ya kwantar da hankalinsa.

Ga wanda kujerar ofis ta fara yi wa illa kuwa, shawararmu ita ce ya yi lissafin na wata biyu ko uku, har idonsa ya san girman malmalar da ta ishe shi da yawan man da ya wuce kima. Daga nan ya ajiye alƙalami, ya rage lemon kwalba, ya ƙara ganye, ya riƙa takawa da ƙafa. Ɗalibin kirki yakan bar makaranta da ilmi, takardar maki kuwa ta zauna a akwati.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu ci abinci kada abinci ya ci mu.